Karkatattun Turakun Kaka

Ranar da aka kai Kaka makwancinsa na gane cewa a duk Ƙofar Kwaya babu mutum biyu da bakinsu ya zo ɗaya a kan aikin da ya yi a duniya. Ina cikin gida wajen mata, amma tagar ɗakin da muke zaune tana kallon ƙofar gida, don haka duk abin da maza ke faɗa a kan tabarmi yana shigo mana. Wani dattijo ya tabbatar wa na kusa da shi cewa marigayin likitan kunne ne. Wani ya gyara masa, ya ce a'a, shi ne ke ɗaura lasifika a masallatai tun zamanin da. Mai acaɓan da ya saba kai shi asibitin ido ya ce shi dai abin da ya sani, Malam ƙwallaye yake ƙirgawa a kwamfuta, kuma har ƙasashen waje an san da zamansa. Tsofaffin ɗalibansa da suka zo daga GRA sun san gaskiyar magana, amma suka sunkuyar da kai suna jan carbi. Ina jin sun san bayanin zai fi zaman makokin tsawo.

Kuka nake yi, amma sai da dariya ta kusa kuɓuce mini, don na san da yana nan sai ya ba kowannensu rabin maki. Na Allah ne mu duka, wurinSa za mu koma, Kaka dai ya riga mu kama hanya.

Matarsa, wadda muke kira Inna, ba ta yi kuka mai sauti ba. Tana zaune a ƙuryar ɗaki tana amsa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, ya muka ji da wannan rashi, har wata tsohuwar ƙawarta ta shigo ta riƙe mata hannu. A nan ne ta ce, a hankali, yanzu kuma wa zai riƙa sace mata kwalabe. Matan da ba su san gidan ba suka kalli juna, suna zaton rashin ya taɓa ta. Mu jikoki muka fashe da sabon kuka.

Akwai mutum ɗaya da bai hau tabarma ba. Mai injin niƙan da ke rumfar ƙofar gidanmu ne. Ya tsuguna can gefe kusa da takalma, ya yi gaisuwa, ya ci gaba da tsuguno. Tun da aka yi rasuwar ya kashe injinsa, bai kuma tayar da shi ba har aka tashi daga zaman makoki, mata suna kai niƙa wata unguwa. Duk wanda ya san gidan ya san abin da ke ransa. Zamansa a rumfar nan a hannun mutum ɗaya yake, kuma mutumin ne aka rufe da safe.

Ni ce jikarsa ta fari, 'yar babban ɗansa. Tun ina rarrafe yake kirana Amarya, ni kuma ina kiransa tsohon miji mara haƙori, yadda jika da kaka suka saba. Abin da ba zan iya faɗa wa mahaifina ba ko a mafarki, sai in faɗa wa Kaka a gaban baƙi, ya rama, a yi dariya. Ina rubuta wannan ne don kada nan gaba 'ya'yana su tashi suna cewa kakan mahaifiyarsu likitan kunne ne.

Malamin lissafi ne, ya koyar a babbar makaranta har ya yi ritaya. Abin da ya ba ransa kuwa shi ne lissafin yadda sauti ke watsewa idan ya ci karo da abubuwa masu sauƙin siffa, irin su ƙwallo da gwangwani da ginshiƙi, musamman in suna da yawa a wuri guda. Ban koyi wannan a aji ba, a tsakar gida na koya, a bakin babban daron wankin Inna. Sai ya cika shi da ruwa, ya tsayar da kwalba ɗaya a tsakiya, ya sa ni in ɗiga ruwa da yatsa daga gefe. Ruwan ya yi zobe-zobe ya tafi, ya daki kwalbar, wani ya dawo, wani ya zagaye ta ya wuce. Ya ce haka sauti ke yi a iska, ido ne kawai ba ya gani. Daga nan ya ƙara kwalba ta biyu. Abin da ya watso daga ta farko ya daki ta biyu, ya dawo ya sake dukan ta farko, ya koma. Kafin ya sa ta biyar, fuskar ruwan ta rikice har ban san inda zan kalla ba.

"Ɗaya ba ta da wuya, Amarya," ya ce. "Tun ba a haihe ni ba aka gama da ɗaya. Daga biyu ne suke hwara magana da juna, to nan aikina yake."

Wannan magana ya maimaita ta har muka haddace. In an kawo masa ƙarar rigimar gida, ya saurara ya saurara, sai ya ce ɗaya ba ta da wuya, ya miƙe ya tafi masallaci. Inna kuwa abin da ya dame ta daban ne. Ta nemi kwalbar man gyaɗa ta rasa, ta nemi ta manja ta rasa, ta leƙo ta same mu tsugune a bakin daro. Ta sha cewa ta ga mazan da ke kashe aure da yawo, nata da kwalabe zai kashe shi.

Yana da wata ɗabi'a da ta sha ba mu kunya. Duk ɗakin da ya shiga a karon farko, bayan sallama sai ya tafa hannu sau ɗaya, ya karkata kai yana sauraro. Ya yi a ɗakin taron biki, ya yi a ofishin likita. Ranar da ya zo ganin ɗakina bayan an kai ni gidan miji, ya tafa a tsakiyar falo a gaban surukata, ya ce kujerun sun yi yawa amma labulen ya taimaka. Da aka ba shi gida a GRA lokacin yana aiki, ya je ya tafa, ya dawo ya ce gidan ya cika shiru, shi a Ƙofar Kwaya zai zauna.

A ƙuruciyarsa da hannu yake lissafin, kwalba biyu ko uku su ci masa watanni. Da kwamfuta ta zo, murnarsa ta fi ta yaron da aka saya wa keke, don yanzu zai iya jera ginshiƙai masu yawa ya ga yadda suke jefa wa juna sauti. Sai kuma idanunsa suka fara dushewa. Lokacin na gama karatun kwamfuta ina koyarwa a sakandare, sai na zama idonsa. Ranar Asabar in zo gida, ya zauna a gefena yana faɗa ina bugawa. In hoton ya fito, wurin da sauti ya taru ja, wurin da ya mutu shuɗi, sai in kama yatsansa in bi da shi a kan allon ina gaya masa launin. In na yi kuskure ya ce ya yi asarar sadaki. In shi ya yi, sai ya ce gwada ni yake.

Mutanen gida ba su taɓa ɗaukar aikin da muhimmanci ba. Suna girmama shi, amma tambayar ba ta wuce ɗaya: to in an gama lissafin, sai a yi me? Ya kan ce masu gina ɗakin taro da masu na'urar duba ciki a asibiti suna amfani da irinsa. Ba mai gardama, ba kuma mai gamsuwa. Shi da kansa bai taɓa ganin lissafinsa ya tsaya a ƙasa da ƙafafunsa ba, kuma na san abin yana masa ciwo duk da bai faɗa ba.

Mai injin ya zo ne daga wani ƙauye can bayan Batagarawa, bayan rashin zaman lafiya ya tashe su. Dabbobinsa sun tafi, abin da ya tsira da shi injin niƙa ne da matarsa da yara. Ya ajiye iyalin wajen dangi a Batagarawa, ya shigo birni yana neman inda zai kafa inji. Kaka ya ji labarinsa a masallaci, ya ba shi rumfar da a da yake ajiye tsohuwar motarsa, ya kuma ce akwai ɗaki a bayan rumfar in yana so ya kawo iyali. Mutumin ya yi godiya, amma bai kawo su ba. Ya ce sai ya ga zamansa ya tabbata, ba zai sa yara su yi ƙaura sau biyu ba. A kan buhuna yake kwana kusa da injinsa.

Yana da dalilin jin tsoro. Gidan na gado ne, Kaka da ƙanensa suka gada, wanda muke kira Kaka Ƙarami. Alhaji ne, tsohon ɗan kasuwar yadi, mai tsafta da son komai a kan layi, hularsa ma ba ta karkata. Zaurensa da ɗakinsa suna fuskantar rumfar kai tsaye, fili ne kawai a tsakani. Kuma gaskiya ƙarar ba ta wasa ba ce. Akwai ƙugin injin kansa, wanda ake iya jurewa, akwai kuma kukan ƙarafan niƙa, mai tsini, mai shiga har haƙori. Kaka Ƙarami yana da hawan jini. Ba ya iya jin rediyo, ba ya iya hira da baƙi, barcin rana ya gagare shi. Bai yi ƙarya ba ko ɗaya cikin kokensa.

Rigimar ta fashe wata ranar Asabar ina gida. Kaka Ƙarami ya shigo har ɗakin da muke aiki, ya gaida yayansa yadda ya kamata, ya tambayi jiki da ido da kwanan iyali, sannan ya ce mai injin ya tashi. Kaka ya ce ina zai je? Ya ce birnin Katsina da faɗi. Kaka ya ce a yi haƙuri. A nan ne ya ɗaga murya, abin da ban taɓa ji ya yi wa yayansa ba.

"Yaya, kai lissahi ya toshe maka kunne. Ni nawa na nama ne."

Kaka bai ji haushi ba, ko kuma ya ɓoye. Ƙanen ya ce in dole ne, a ja katanga. Kaka ya ce katanga za ta rufe iska, hayaƙi da zafin inji su kashe bawan Allah a ciki, ta tare hanyar ruwan sama, sannan ta maida ƙarar gaba ɗayanta kan maƙwabtan da ke ɗaya gefen. Ya ce a ba shi lokaci, zai jera manyan bututan roba a filin, a cika su da yashi, a bar tazara a tsakaninsu. Iska za ta wuce, ruwa zai wuce, ƙarar kuma za ta yi ta karo da su tana watsewa. Kaka Ƙarami ya kalle ni, ya kalli kwamfutar, ya ce wato kwalaben Inna za a fito da su waje. Suka yi kwanaki ba abin da ke haɗa su sai gaisuwa. Daga baya limamin unguwa ya shiga tsakani, aka tsayar da magana a gabansa: a kafa bututan a gwada. In ƙarar ta ragu, mai injin ya zauna. In ba ta ragu ba, ya tashi, ba kuma wanda zai sake roƙo.

Ban taɓa ganin Kaka da kuzari irin na lokacin ba. Ya sa na ɗauki ƙarar injin da waya daga zauren ƙanensa, ana niƙa gero, ana niƙa masara, ana markaɗen wake. Muka zuba a kwamfuta, ya ware ƙugin daban, kukan ƙarfen daban. Ya faɗa mini tun farko cewa ƙugin zai wuce, ba mu da ƙarfin tare shi, kukan ne za mu kama. Muka yi ta jera bututai a allo muna rushewa. Abin da ya fi kyau a ƙarshe shi ne mafi muni a ido. Layi uku ne, amma bututan layi na biyu suna tsaye a daidai tazarar na farko, na uku kuma an ɗan goce da su, kuma tazarar kowane layi ta bambanta da ta ɗan'uwansa, don kukan ba murya ɗaya gare shi ba. Na ce masa abin ya yi kama da 'yan haƙoran da suka rage masa. Ya ce ai shi ya sa ba abin da ke wuce su.

Wata safiya muka fita filin, ni da ma'auni, shi da guduma da 'yan turaku na itace. In na auna na ɗora yatsansa a wurin, shi zai buga da kansa, ya ƙi bari mai injin ya karɓa. Masu wucewa suna gaishe shi suna kallon turakun. Na ga wani ya girgiza kai cikin tausayi. Abin da suke gani tsoho ne mai raunin ido yana buga turaku a karkace. Kaka ba mai bayani ba ne in ba a tambaye shi ba, kuma ba wanda ya tambaya.

Ba a kai ga kafa bututan ba ciwo ya kwantar da shi. Bai daɗe yana jinya ba. Ranar ƙarshe da na same shi da magana, ya tambaye ni ko awaki sun tuge turakunsa, na ce suna nan. Ya ce madalla, ya ce in gaida surukata.

Bayan sadakar bakwai na koma gidana. Ban san Kaka Ƙarami ya kira magini ba. Ashe abin ya tsaya masa a rai, yayansa ya tafi da alkawari a tsakaninsu, yana so ya sauke shi da wuri. Ya sa aka kawo bututai da yashi da siminti, aka yi aiki. Ni dai wayar Inna na samu ina makaranta. Ta ce an kafa, an gwada, ƙarar tana nan, mai injin ya fara kwance kusoshin injinsa. Ta ce ita takaba ta hana ta fita, amma in zo in gani da idona, don abin da yaran gida ke kwatanta mata bai yi kama da aikin mijinta ba, ya cika kyau.

Tun daga bakin layi na hango su. Bututai ne dogaye, sun fi tsawon mutum, a jere reras, layi uku, kowane yana bayan ɗan'uwansa sak. An shafe gindinsu da siminti sumul. Raina ya ɓaci. Na sami maginin yana wanke kayan aikinsa, dattijo ne da ya daɗe yana yi wa gidan aiki. Na daure na gaishe shi, ya yi mini ta'aziyya, na amsa, sannan na tambaye shi ina turakun. Ya sunkuyar da kai, ya ce sun same su a karkace, sai suka ja igiya suka daidaita. Ya ce ba da mugun nufi ba ne, Malam mutumin kirki ne, in tambayi Alhaji.

Kaka Ƙarami yana zaure. Ya rame tun rasuwar, kuma har ranar ban ga hawayensa ba. Na durƙusa na gaishe shi, muka yi doguwar gaisuwa, ya tambayi maigidana da yara da makaranta. Da na kawo maganar turaku, bai yi musu ba.

"Ni na ce a daidaita su. Mutum ya yi shekaru shina koyar da lissahi, a ƙarshe a bar karkataccen aiki a ƙohwar gidanshi, kowa ya wuce ya ce makanta ce? Ba da raina ba. Na ruhe mashi asiri."

Fushina ya sauka a take. Mutumin da ya yi faɗa da aikin nan tun farko, shi ne ya tsaya a rana yana kallon igiya don kada a yi wa yayansa dariya. Amma ina jin ƙarar guduma daga rumfa, mai injin yana kwance kayansa. Kuma yanzu Kaka Ƙarami ne babba a gidan, an gwada a gaban mutane, magana ta ƙare. Mahaifina ba zai iya ce masa ya yi kuskure ba, baffannina ma haka. A duk gidan, jika ce kawai ke da wannan baki, don ƙanen kaka shi ma kaka ne.

Na gyara zama, na share ido, na ce, "Tsoho, ashe makahon ne ya rage mini. Mai idon ya tahi."

Maginin da ke bakin ƙofa ya ja da baya. Kaka Ƙarami ya ɗago ya dube ni, na ga yana auna ko ya yi fushi. Al'ada ta rinjaye shi. Ya ce amaryar gado ba ta da kunya, shi ma ba so yake ba, dole aka yi masa. Na ce to ya tashi ya tsaya a bakin zaure in gwada idonsa. Ya tashi yana mita. Na tambaye shi me yake gani ta tsakanin bututan. Ya ce inji yake gani, da mai injin, har da buhunan da ke bayansa. Na ce duk inda ido ya wuce sak, kukan ƙarfen nan ma zai wuce, titi aka yi masa har guda nawa. Na ce yayansa ya jera su ne yadda ƙara ba za ta sami hanya miƙaƙƙiya ba, sai ta daki wannan ta koma kan wancan har ƙarfinta ya ƙare. Abin da aka gwada aikin igiya ne, aikin Kaka ba a gwada shi ba tukuna.

Ya daɗe a tsaye yana kallon layukan.

"Da gangan ya karkata su?"

"Da gangan, Kaka. Ni na riƙe mashi ma'auni."

Bai ce ya yi kuskure ba, ni ma ban nema ba. Ya aika aka ce wa mai injin ya maida kusoshinsa. Ya juya ga magini ya ce a fasa. Maginin ya kalli simintinsa mai kyau kamar zai yi kuka, sannan ya ce don Malam zai fasa, amma duk wanda ya tambaya a ce masa ba shi ya jera ba.

Awon yana cikin kwamfuta, sai na sake fitowa da ma'auni. Masu acaɓan bakin layi suka taya haƙa, mai injin yana ɗaukar bututai a kafaɗa. Duk wurin da na nuna, maginin sai ya ja tsaki ƙasa-ƙasa sannan ya kafa. Ni kuwa tsoro ne ya cika ni. Lissafin nan bai taɓa fita daga allo ba. Na yarda da Kaka, amma na san iska da ƙasa ba su karanta lissafi ba. In bai yi ba, mai injin zai tafi, kuma wannan karon da sunan Kaka za a tafi, ni ce kuma na fasa rufin asirin da aka yi masa.

Da siminti ya bushe aka sa ranar gwaji, da hantsi. Liman ya zo, maƙwabta suka taru. Kaka Ƙarami ya zauna a kan buzunsa a zaure, ni ina bakin ƙofar shiga gida. Mai injin ya yi bisimilla ya ja igiya, injin ya tashi, ya zuba gero. Ƙugin ya iso, kamar yadda Kaka ya ce zai iso. Na jira kukan ƙarfen. Yana nan, amma can nesa, kamar a bayan wata unguwa ake niƙan. Kowa yana kallon mai zauren.

Kaka Ƙarami ya juya zai ce wa liman wani abu, ya buɗe baki da irin ihun da duk mutanen gidan suka koya tun zuwan injin. Muryarsa ta cika zauren har liman ya zabura. Sai ya tsaya a tsakiyar magana. Ya sake gwadawa a hankali, ya kira sunan liman da muryar hira, liman ya amsa. Ya ɗauki gefen rawaninsa ya rufe fuska, kafaɗunsa suka fara rawa. Maza suka sunkuyar da kai, aka bar shi ya yi kukan yayansa.

Da ya natsu ya sa aka kira mai injin. Mutumin ya zo fuskarsa duk gari, ya tsuguna a bakin ƙofa. Kaka Ƙarami ya ce ya shigo ya zauna a tabarma. Ya tambaye shi yara nawa gare shi, ya faɗa. Ya tambaye shi ko ɗakin bayan rumfa yana yoyo, ya ce kaɗan. Ya ce magini zai duba.

"In ka gama niƙan mutane, ka tahi Batagarawa ka ɗauko iyalinka."

Washegari da la'asar ina wajen Inna, wata mata ta yi sallama, siririya, goye da jariri, yara biyu suna riƙe da zaninta. Matar mai injin ce. Ta durƙusa ta yi wa Inna ta'aziyyar mutumin da ba ta taɓa gani ba. Injin yana aiki a waje, jaririn yana ta barcinsa a bayanta. Ta ɗaga hannu, muka ɗaga tare da ita.

"Allah shi jiƙan Malam," ta ce. "Shi ba shi wurin zama mai sanyi, kamar yadda ya ba mu."